Gwajin Jini Kafin Sayen Uwar Garke

Duk ɗalibin da ya karanta darasin jini a sakandare ya san cewa likita ba ya ƙara wa majinyaci jini sai an yi gwaji. Tun a shekarar 1901 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Karl Landsteiner ya nuna cewa jinin ɗan Adam rukuni-rukuni ne, kuma idan aka gauraya waɗanda ba su dace da juna ba sai jajayen ƙwayoyin su cure wuri guda. Mai ba da jinin yana iya zama ƙaƙƙarfa, jinin nasa kuma lafiyayye sarai, amma duk da haka ya halaka wanda aka ƙara wa. Shi ya sa ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya tsayawa ga abin da aka rubuta a jikin leda, sai ya ɗiga jinin mai bayarwa cikin ruwan jinin mai karɓa ya gani da idonsa.

Na kawo wannan misali ne domin irin wannan matsala tana nan a fagen na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma ta fara cin kuɗin makarantunmu. Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, makarantun sakandare da yawa suka shiga gina ɗakunan kwamfuta. Wanda ya tara kwamfuta talatin ko arba'in a ɗaki ɗaya, ba da daɗewa ba zai ga yana bukatar wata babba da za ta riƙa yi musu hidima. A nan ne akan ba ɗan kwangila oda, ya kawo na'ura mai nauyi da ƙyalli, a biya shi, a zo ɗora mata manhaja ta ce sam ba ta ga faifan ajiya ba. Na'urar lafiyarta ƙalau, manhajar ma haka, jininsu ne bai haɗu ba.

Uwar garke da babbar manhaja

Uwar garke, wadda masu sana'ar kan kira saba, kwamfuta ce da aka keɓe domin ta yi wa sauran kwamfutoci aiki. A makaranta ita za ta adana sakamakon jarrabawa da rajistar ɗalibai, ta riƙe tambayoyin gwaji, ta kuma ɗauki laburare sukutum. Alal misali, da manhajar Kiwix ana iya zuba Wikipedia gaba ɗaya a cikinta, har da ta Hausa, ɗalibai su yi ta karatu ba tare da an sayi data ba. An ƙera ta ne domin ta yi aiki dare da rana, shekara da shekaru.

To amma gangar jikin kwamfuta ba ta iya komai sai da babbar manhaja, wato wadda ke raba aiki tsakanin sassan na'urar, kamar yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke sarrafa gaɓoɓi. Wadda aka fi sani a ƙasar nan ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ake sayen lasisinta, kuma kamfanin bai buɗe wa kowa da kowa yadda aka rubuta ta ba. Akwai kuma Linux. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ƙwayarta a shekarar 1991, sa'an nan a 1992 ya sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Wannan shi ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Ƙungiyoyi da kamfanoni kan ɗauki ƙwayar su haɗa ta da sauran kayan aiki su fitar da nasu samfurin, irin su Debian da Red Hat da Ubuntu. Kada mai karatu ya raina ta don kyauta ce. Tun daga watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki, wayar Android da ke aljihunsa ma a kan ƙwayarta aka gina ta. Mu kanmu masu nazarin halittu ta wannan ƙofa muka shigo, domin yawancin manhajojin da ake tantance jerin haruffan DNA da su a kan Linux aka rubuta su.

Tafinta

Ina matsalar take ke nan? Kwamfuta ba abu ɗaya ba ce. Tarin sassa ne daga masana'antu dabam-dabam, kuma kamfanin da sunansa ke jikin akwatin sau da yawa harhaɗawa kurum ya yi. Masarrafar, wato furosesa, daga Intel ko AMD take. Katin sadarwa wataƙila na Broadcom ne. Katin da ke kula da faifan ajiya kuma daga wani wuri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da harshensa, saboda haka babbar manhaja tana bukatar tafinta domin ta yi magana da shi. Wannan tafinta wata 'yar manhaja ce da ake kira direba. Idan babu direba, sashen yana nan a jone, wuta tana shiga cikinsa, amma a wurin babbar manhaja tamkar babu shi.

Kowane kamfani yana rubuta direban Windows, domin can kasuwa take. A ɓangaren Linux kuwa abin ya danganta da halin kamfanin. Wani yakan sa injiniyoyinsa su rubuta direba su miƙa a shigar da shi cikin ƙwayar Linux, yadda duk wanda ya ɗora manhajar zai same shi a ciki. Wani yakan ba da bayanin yadda kayansa ke aiki, masu sa-kai su rubuta. Wani kuma ya ɓoye bayanin, ya fitar da rufaffen direba wanda ke aiki da samfuri ɗaya ko biyu, ranar da ya gaji ya daina sabunta shi. Rubutun ƙwayar Linux ya haura layi miliyan 30, kuma fiye da rabinsa direbobi ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda nauyin aikin yake.

Malamai da suka daɗe a harkar za su tuna da modem ɗin ƙarshen shekarun 1990 da ake yi wa laƙabi da Winmodem. An rage masa kayan ciki domin ya yi araha, aka ɗora wa direban Windows aikin da ya kamata na'urar ta yi da kanta. Wanda ya saye shi ya sa Linux sai ya wayi gari da ƙarfe mara amfani. An wuce zamanin wannan modem, amma dabarar tana nan, kamar yadda za mu gani.

Wajibi ne a faɗi gaskiya, yau al'amarin ya yi sauƙi ƙwarai, musamman a kan uwar garke, tun da manyan masu sayenta da Linux suke aiki. Yawancin sassan za su tashi ba tare da an taɓa komai ba. Sai dai sashe ɗaya tak da ya ƙi ya isa ya tsayar da aikin duka.

Lambar da ke jikin kowane sashe

A jikin jar ƙwayar jini akwai alamomi da garkuwar jiki ke dubawa ta gane nata da baƙo. Sassan kwamfuta ma suna da irin wannan alama. Kowane kati da ke jone da babban allo yana ɗauke da lambobi biyu, ta farko ta kamfanin da ya ƙera shi, ta biyu ta samfurin. Lambar Intel ita ce 8086, wadda ta yi daidai da sunan shahararriyar masarrafar da kamfanin ya fitar a 1978. Ta Broadcom 14e4 ce, ta Realtek kuma 10ec. Kowane direba yana riƙe da jerin lambobin da ya sani, in ya ga tasa ya amsa, in bai gani ba ya yi shiru.

Wannan yana da muhimmanci ga mai saye, domin sunan da ke jikin kwali ba abin dogara ba ne. Na'urori biyu masu suna ɗaya suna iya zuwa da katin sadarwa dabam, gwargwadon abin da mai saye na farko ya zaɓa. Idan aka ba Linux umurnin lspci -nnk za ta jero kowane sashe da lambarsa da sunan direban da ya karɓe shi. Wanda ya ga 8086:1521 da igb a ƙarƙashinsa ya san katin sadarwa ne na Intel, samfurin I350, kuma ya sami tafintansa. Sashen da aka jero ba tare da direba ba, shi ne abin bincike.

Inda aka fi yin tuntuɓe

Wuri na farko shi ne katin faifan ajiya. Faifai yana mutuwa, wannan babu makawa. Saboda haka aka ƙirƙiro tsarin RAID, inda ake haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki tare. Mafi sauƙinsa shi ne RAID 1, a rubuta komai sau biyu, ɗaya a wannan faifai ɗaya a wancan. Ɗalibin ilmin halittu zai gane hikimar nan da nan: mu ma kwafi biyu muke ɗauke da shi na kusan kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma sau da yawa idan ɗaya ya lalace ɗayan yakan riƙe aikin.

Ana yin RAID ta hanya uku. Akwai kati na gaske mai masarrafarsa da ma'adanarsa, wanda ke yin aikin da kansa, kuma manyan irinsa Linux ta san su. Akwai wanda Linux ke yi da kanta ta hanyar manhajar mdadm, ba tare da wani kati ba. Sai na uku, ɗan'uwan Winmodem, wanda takarda za ta ce RAID ne alhali direba ne ke yin aikin duka. Samfurin B120i da B140i na kamfanin HP, da jerin PERC masu farawa da harafin S na kamfanin Dell, duk a wannan aji suke. Su ne ke sa a zo ɗora manhaja a ga faifan ya ɓace, ko a ga biyu a inda aka ce an haɗe su ɗaya. Maganin ba shi da wuya: a shiga saitin BIOS a mayar da shi AHCI, a bar Linux ta yi haɗin da kanta. A ra'ayina ma wannan ya fi wa makaranta alheri ko da tana da kuɗin kati na gaske. Dalili kuwa, ranar da katin ya ƙone sai an nemo irinsa kafin a karanta abin da ke cikin faifan, amma faifan da mdadm ta haɗa ana iya cire shi a sa a kowace kwamfuta mai Linux a kwashe bayanan. Abin takaicin kurum shi ne a biya kuɗin kati a tashi da suna.

A kula, RAID ba ya hana a goge fayil bisa kuskure, domin gogewar ma sau biyu za a yi ta. Sakamakon jarrabawa yana bukatar kwafi na dabam a wani ɗaki.

Wuri na biyu katin sadarwa. Wasu katuna, ban da direba, suna bukatar a loda musu wata manhajar ciki duk lokacin da aka kunna na'ura, kuma kamfanonin ba su buɗe ta ba. Shekaru da dama Debian ta ƙi sa irin wannan a faifanta na ɗorawa, saboda aƙidarta ta buɗaɗɗiyar manhaja. Sai ya zama mai na'ura irin Dell R710, wadda ke da katin Broadcom, ba ya iya shiga intanet ya ɗauko abin da zai sa katin ya shiga intanet. A 2022 'yan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a suka sauya matsayi, kuma daga Debian 12 ta watan Yuni 2023 an shigar da ita ciki. Wanda ke da tsohon faifan ɗorawa ya san da wannan.

Na uku ya shafi tsufa, kuma ya fi taɓa mu, da yake yawancin abin da ke isowa kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja har zuwa shagunan Kano, na hannu ne da kamfanonin Turai da Amurka suka gama moriyarsa. An daɗe ana cewa Linux tana rayar da tsohuwar kwamfuta. Haka ne, amma ba kowane samfuri ba. Red Hat 8 ta 2019 ta cire goyon bayan wasu tsofaffin katunan faifai na LSI da ke cikin na'urori masu yawan gaske. Red Hat 10 ta 2025 kuwa ba ta tashi ma sam sai a kan masarrafa ta zamanin Haswell zuwa sama, wanda a uwar garke ya fara daga 2013. Wato Dell R720 ko yawancin HP Gen8 ba za su ɗauke ta ba, R730 da Gen9 za su ɗauka. Debian da Ubuntu har yanzu suna aiki a kan waɗancan tsofaffin. Darasin a nan shi ne a fara zaɓen manhaja da lambar fitowarta, sa'an nan a nemi na'urar da ta dace da ita. Ubuntu tana fitar da samfurin dogon zango a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, tana kula da shi kyauta shekara biyar. Red Hat da Canonical, kamfanin da ke fitar da Ubuntu, kowanne yana wallafa jerin na'urorin da ya gwada ya amince da su, kuma duba jerin ba ya cin ko kwabo.

Katin hoto bai kamata ya ɗauki hankalin makaranta ba. Uwar garke tana iya shekara ba a jona mata allo ba.

Kuskuren harafi ɗaya

Akwai wani sashe da ba ya hana Linux tashi, amma ina so in ɗan daɗe a kansa, wato ma'adanar wucin-gadi da ake kira RAM. Duk abin da ke cikinta sifiri ne da ɗaya. Wani lokaci, saboda lahani a jikin na'urar ko wani haske mai ƙarfi da ya ratso daga sararin samaniya, sifiri guda yakan juye ya koma ɗaya. Mai karatu zai ce, mene ne a cikin harafi ɗaya? Ya tambayi mai ciwon sikila. A cikin haruffan DNA kimanin biliyan uku da ɗan Adam ke da su, sauyin harafi ɗaya ne, GAG ta koma GTG a gurbi na shida na ƙwayar gadon da ke gina wani sashe na himogulobin, ya haifar da wannan ciwo da ya addabi gidaje da yawa a ƙasarmu. A cikin ma'adana, juyewar harafi ɗaya tana iya mayar da maki 72 ya koma 8, kuma babu wanda zai ji ƙara.

Ƙwayar halitta ba ta zauna haka ba. Sinadarin da ke kwafar DNA yana komawa baya ya duba abin da ya rubuta ya gyara, wasu sinadaran kuma su biyo sawu su sake dubawa, har kuskuren da ya tsira bai wuce ɗaya cikin haruffa biliyan ba. Injiniyoyi sun yi irin wannan dabara a ma'adanar da ake kira ECC. A kan kowane harafi 64 ana ƙara 8 na bincike, waɗanda da su ake gyara kuskure ɗaya nan take, a kuma gano idan biyu ne suka auku. Wani nazari da Bianca Schroeder ta yi da injiniyoyin Google, aka wallafa a 2009, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na na'urorin kamfanin suna samun irin wannan kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Linux tana iya rubuta kowane gyara a kundinta, ta yadda mai kula da na'ura zai gane sandar ma'adanar da ta fara lalacewa ya sauya ta. Amma sai masarrafa da babban allo sun yarda da ECC, irin su Xeon da EPYC. Kuma kada a ruɗe da ɗan gyaran cikin gida da kowace ma'adana samfurin DDR5 ke da shi, wannan bai kai cikakken ECC ba, ko da mai shago ya rantse.

Gwajin kansa

Yanzu sai mu koma ɗakin gwaji. Linux tana da wata baiwa: ana iya zuba ta a filash a tayar da kwamfuta da ita ba tare da an taɓa abin da ke cikin faifai ba. Saboda haka malamin kwamfuta ya ɗauki filash mai ɗauke da ainihin samfurin da makaranta za ta yi amfani da shi, ya tafi shagon, ko ya sa a kawo na'urar kafin a sa hannu a takardar biya. Ya tayar da ita. Ya ba da umurnin lspci -nnk ya duba ko akwai sashen da ya rasa direba. Ya ba da lsblk ya ƙirga faifan da suka bayyana, ya gwada da abin da ke rubuce a takarda. Ya soka wayar sadarwa a kowace kafa, ɗaya bayan ɗaya. Idan na'urar ta hannu ce, manhajar smartctl za ta faɗi awa nawa kowane faifai ya yi yana juyawa. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka faifan da ya nuna 43,800 ya yi shekara biyar cur yana aiki, komai ƙyallin jikinsa. A ƙarshe a bar manhajar Memtest86+ ta kwana tana gwada ma'adana. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan gwaji yana so ne a yi cinikin biri a sama, sai a nemi wani.

Wannan aiki ne da ɗaliban ƙungiyar kimiyya za su iya yi tare da malaminsu, kuma za su koyi abin da allo da alli ba za su koya musu ba.

Wuta da zafi da ƙura

Akwai dacewa ta biyu da babu jerin kamfani da zai faɗa, wato dacewa da muhalli. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin bazara yakan haura 40. Ƙurar hunturu kuma tana toshe hanyar iska. A ƙaddara tsohuwar uwar garke tana jan wat 200. A yini guda ta sha kilowat-awa 4.8 ke nan, a shekara 1,752, ban da abin da iyakwandishan zai sha. Makarantar da ke dogara da sola ko janareta ta yi wannan lissafi tun kafin araha ta ruɗe ta. Sau da yawa ƙaramar uwar garke mai tsayuwa kamar kwamfutar tebur ta wadatar da ɗaki mai kwamfuta arba'in, ga ƙarancin ƙara.

Ɗauke wuta ba zato yana lalata bayanan da ake cikin rubutawa, don haka UPS dole ne. A nan ma tambayar direba ta sake dawowa. UPS mai kyau yana da kafar USB da yake shaida wa uwar garke cewa batir ya kusa ƙarewa, ita kuma ta rufe kanta cikin natsuwa ko da tsakar dare ne. A Linux manhajar NUT ce ke wannan aiki, kuma tana da jerin samfuran da ta sani. A duba jerin kafin a saya.

Ga shugabannin makarantu kuma, takardar oda ita ce garkuwarku. Kada a rubuta "saba guda ɗaya mai inganci" a tsaya nan. A rubuta sunan manhajar da lambar fitowarta, alal misali Ubuntu 24.04 ko Debian 13, a rubuta cewa ma'adana ECC ce, a faɗi adadin faifai da girmansu, sa'an nan a ƙara sharaɗi cewa ba za a biya ba sai an ɗora manhajar a gaban malamin makarantar, kowane faifai da kowace kafar sadarwa sun amsa.